Kilo ɗarina ya koma tamanin da takwas

Allurar sikelin masu busasshen kifi ta tsaya a kan tamanin da takwas. Na ce a sake. Sau uku muna ɗorawa, ba ta canza ba.

Shekara biyu ina ɗaga wannan ƙarfen a bayan gidanmu a Nguru, sandar ƙarfe ce da siminti a bokitin fenti biyu. Wanda ya haɗa ya ce kilo ɗari ne, har unguwa ke kirana Mai Ɗari. Ni da na yi digiri a lissafi ban taɓa aunawa ba sai jiya, don ranar Asabar akwai gasa a Gashuwa, kuma na rubuta wa masu shirya ta cewa da ɗari zan fara.

Na je na sami Oga Sunday, mai horar da mu.

"Oga, zan janye. Ashe sunan nan ƙarya ne."

Ya yi dariya. "Malam Lissafi, ai tun bara na sani."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Da na faɗa, simintin zai ƙaru ne? Je ka rubuta tamanin da biyar. Alƙali ba suna yake aunawa ba. Abin kunya shi ne ɗarin da ba naka ba ya danne ka a gaban mutane."

Na gyara takardar, amma har yanzu abinci ba ya shiga sosai.

Ɗazu mai shayi ya ƙwala min kira, "Mai Ɗari!" Na ce masa, "Saura sha biyu."

Ku da kuka taɓa shiga gasa, da me kuke kwantar da faɗuwar gaba?