Koren Zare a Kan Zanena

A gidanmu na Soron Ɗinki ba a ɗauki zane a bakin aiki ba. Mai zane ya fitar da aska a ƙirjin riga da alƙalamin kara da tawada, mai ɗinki ya bi da zare ya rufe layin, shi ke nan, ba mai ƙara tuna wanda ya zana. Na taso ina yi wa Baba zane yana ɗinkawa, har idonsa ya yi rauni ya ajiye allura, masu kawo riga suka koma wurin masu keken ɗinki.

Ni ban ajiye alƙalami ba, aska kawai na daina zanawa. Na sami farin yadi na zana unguwarmu: lunguna, kwatoci, wayoyin lantarki da suka sarƙe, da giɓin ganuwa inda 'yan adaidaita ke ratsawa. Tawada zalla, ba zare. Da na ga sanarwar wata gasa ta ƙasar waje da ake yi wa sababbin masu zane, na ɗauki hotonsa da waya na tura a ɓoye, don kada a samu abin dariya. Sai ga shi sun zaɓe shi. Suka ce in aika da yadin a rataye a wurin nuni, ni ma in je.

Na tafi Abuja neman biza, na bar yadin a ninke a ɗakin Baba. Ranar da na dawo da hantsi, na tarar ya jawo tabarma bakin zaure inda haske yake, yadina a kan gwiwarsa, hancinsa kamar zai taɓa shi. Ya ɗinke kusurwa guda da koren zare, daga masallacin unguwa har ƙofar gidanmu.

"Baba! Me kake yi haka?"

"Sannu da hanya, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Na ji an ce waje za a kai. Yaya aiki zai fita daga gidan nan ba a gama ba? A ce 'yar gidan maɗinka ta aiko da zane tsirara?"

Na fizge yadin na shige ciki ko gaishe shi ban yi ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na baza shi a kan gado, raina kamar ya fita. Ɗinkin ya karkace, wani wurin ma ya saki layina gaba ɗaya ya ratsa ta tsakiyar katanga.

Na rubuta wa masu gasar. Wata mata ta amsa mini da ladabinta mai sanyi: doka ta ce aiki ya zama daidai da hoton da aka tura, kuma na hannu ɗaya. Ko in warware zaren, ko su ajiye shi a ɗakin gefe tare da kayan sana'ar gargajiya, ba a cikin gasa ba. Ta ce idan na warware shi a hankali ba mai ganewa.

Na ɗauki reza na fara daga inda ya ratsa katanga. Na yanke ɗinki uku, sai hannuna ya tsaya. Wurin ya fi ko'ina miƙewa. Wanda ya ɓata hanya ba ya tafiya haka.

Na koma zaure na durƙusa na gaishe shi, sannan na ɗora yatsansa a wurin.

"Baba, nan ai katanga ce."

"Yanzu ba. Da lungu ne, kafin a toshe. Ta nan aka shigo da mahaifiyarki amarya, Allah ya jiƙanta. Na ga kin manta da shi."

Ban manta ba. Ban taɓa sani ba.

A ranar na rubuta wa matar. Na ce hannu biyu ne, kuma duka biyun suna raye a wannan zamanin, ba wanda aka tono daga gidan tarihi. Zare ɗaya ba zan ƙara cirewa ba, ɗakin gefe kuma ba da ni ba. Ko su rataye shi yadda yake, da sunana da nasa, ko su soke ni.

Suka soke ni, da ban-haƙuri mai tsawo. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don na so tafiyar nan ƙwarai. Bizar ma ta fito daga baya, tana nan cikin fasfo ba ta je ko'ina ba. Abokan aikina suka ce na yi wauta. Har yau in suka faɗa ina ce musu su zana nasu su aika.

Washegarin ranar da suka soke ni na mayar wa Baba yadin. Ya shafa kusurwar da yatsa har ya kai inda na yanke.

"Wa ya taɓa nan?"

"Ni ce, Baba."

Ya laluba aljihu ya miƙo mini allura.

"Zura mini zare. Idona ba ya ganin kafar."