Kwamfutar da ke tambaya wa Baba rana

Shekarun baya can, bayan na gama sakandare ina zaman jiran sakamako a ƙauyenmu, yayana ya aiko mini da wata tsohuwar kwamfuta daga birni, irin mai ƙaton kan nan da akwatinta daban. Na kafa ta a zauren gidanmu, na haɗa ta da ɗan janareto, na zama mai buga katin biki da tura wa mutane karatu a waya. A lokacin ji nake daga nan har Shanono babu injiniya kamata.

Aibinta ɗaya, mantuwa. Kullum da safe in na kunna ta sai ta tsaya cak a baƙin allo, sai na shiga saitinta na can ciki, wanda ake kira bayos. In na shiga sai in tarar kwanan wata ya koma wata shekara tun ina firamare, agogo ya rikice, har inda za ta nemo manhajarta ta manta. In gyara, mu wuni lafiya, gobe a koma gidan jiya.

Babu abin da ban gwada ba. Na ɗora wa janareto laifi, na sake waya. Na ce cuta ce ta shige ta, na goge komai na sake zuba manhaja. Na buɗe cikinta na hura da famfon keke, ƙaiƙayin gero ya fito kamar rumbu na share. Duk a banza, ni ma dai rabin ilimina cika baki ne.

A shekarun ne mahaifina ya fara ruɗewa. Mutum ne da a da shi ake tambaya nawa ga wata, yaushe ya kamata a yi shuka, kasuwar ina ke ci yau. Sai ga shi wata Talata ya yi wanka ya sa babbar riga, ya je ya zauna a masallacin Juma'a yana jiran liman. Wani maƙwabci ne ya rako shi gida. Tun daga ranar ya daina fita majalisar dattawa da ke gindin darbejiya, kuma ko kusa ba zai buɗe baki ya tambayi wani rana ba. Abin ya dame mu ƙwarai.

Wata safiya yana shan koko a zaure, ina ta mita da kwamfuta, ya ce me take so ne kullum nake mata faɗa. Na ce rana take tambaya.

"To ka faɗa mata mana," in ji shi.

Na faɗa da ƙarfi ina dannawa: Laraba, kaza ga wata. Ya ce a faɗa mata da na Musulunci ma, kada a bar ta a duhu. Na faɗa, ko da yake ba ta da wurin sa shi. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe gobe kasuwa. Ya shanye kokonsa, ya ɗauki sanda ya fita gindin darbejiya. Haka muka riƙa yi kullum, ni kuwa ban ɗauke shi komai ba.

Ana nan sai wani abokina da ke gyaran waya a Kano ya zo gida. Na kai masa kuka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya buɗe akwatin ya nuna mini wani ɗan batir mai kama da kwabo, ya ce shi ke riƙe mata saiti in an kashe ta, kuma ya daɗe da mutuwa. Ranar kasuwa na samo sabo a wurin mai gyaran agogo. Washegari ta tashi sumul, ba tambaya ba komai. Na wuni ina taƙama.

Baba ya zo da kokonsa ya zauna kamar kullum. Ya dubi allon, ya dube ni, ya koma cikin gida. Kashegari ma haka. Majalisa kuwa ya sake ɗauke ƙafa.

Mahaifiyata ce ta kira ni bakin murhu, ta ce me na yi wa abar nan. Na fara yi mata bayanin batir da alfahari, ta katse ni.

"Babanku ba zai tambaye ka ba, ba zai tambaye ni ba. Ita kaɗai ke tambaya masa."

Na koma zaure na buɗe akwatin, na sa farce na ciro batirin nan da na sha wahala kafin in gano shi, na jefa a aljihu.

Da safe baƙin allo ya dawo. Baba ya leƙa, fuskarsa ta saki, ya ce ta sake mantawa ke nan. Na ce e, Baba, gyaran bai yi ba.

"Allah sarki," ya ce. "Ka riƙa haƙuri da ita, tsufa ne. Faɗa mata."

Haka na ci gaba da saita ta da hannu kowace safiya har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu gyaran kwamfuta ne sana'ata, irin wannan matsalar kafin mai ita ya gama gaisuwa na kawar da ita. Amma har yau in na ga baƙin allon nan sai kewar zauren nan ta taso mini, in ji ƙamshin koko. Kuma in ina sa kwanan wata, sai na tsinci bakina yana faɗar ranar da ƙarfi, har da ta Musulunci. Allah ya jiƙan Baba.