Akuyar Kakar Hadiza a Aji Biyar

Har yau ban manta da wata Talata ta cikin damina ba, lokacin ina koyar da Turanci a aji biyar na wata firamare a arewacin Babura, dab da kan iyaka. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin mu tashi daga bitar nan, wannan zan ba ku.

A lokacin ina mataki na bakwai, ina neman ƙarin girma zuwa na takwas. Ga ƙannena da ba su kai nan ba tukuna: kafin sunanka ya tafi sama, sai sufeta daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya zo ya zauna a ajinka. Zai duba tsarin darasin da ka rubuta, ya ga ko hedimasta ya sa hannu, ya duba kayan koyarwarka, sannan ya saurari yadda yara ke amsawa. Abin da ya rubuta a ranar shi zai shiga fayil ɗinka.

Wanda aka ce zai zo mana shi ne Alhaji Garba, mutumin Roni, tsohon malamin Turanci. Malamai na cewa ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa a bakin aiki. Hedimastanmu, Malam Ilu, ya kira ni ofis tun ranar Alhamis.

"Malama Rakiya, me za ki koyar?"

"Kalmomin da ke nuna inda abu yake, ranka ya daɗe. A ciki, a kai, a ƙarƙashi, a baya."

"To ki zaɓi yara biyar masu ƙwaƙwalwa, ki ba su amsoshin su haddace."

Na roƙe shi ya bar ni in gwada da hotuna. Ya ce, "Fayil ɗinki ne."

Na karɓo kwalayen taliya a shagon ƙanina, na zana kyanwa a takardu: ga ta a kan akwati, ga ta a cikinsa, ga ta a ƙarƙashin tebur, ga ta a bayan ƙofa. Ba ni da gam, sai na dama garin rogo na liƙa takardun a jikin kwali. Da safiyar Talata na jera su a gindin allo, na fita taron safe.

Muna tsaye a layi babur ɗin sufeta ya shigo. Da aka sallami yara, na bi bayansu zuwa aji, sai na ji dariya ta ɓarke. Wata jar akuya ce tsaye a gindin allo tana tauna. Ƙullun rogon nan ne ya ja ta. Hotuna uku sun tafi, na huɗun saura wutsiyar kyanwa.

Akwai wata yarinya a ajin, Hadiza. Daga tsallaken iyaka aka kawo ta wurin kakarta, bayan ta yi shekara biyu a makarantar Faransanci. Tun da ta zo ban taɓa jin muryarta a darasi ba. Ko rijista na kira, hannu kawai take ɗagawa. Akuyar ta kakarta ce, ta biyo ta daga gida. Yarinyar ta ruga ta rungume wuyan akuyar, hawaye na zuba.

Na juya, ga Alhaji Garba a bakin ƙofa da fayil a hannu, ga Malam Ilu a bayansa yana neman sanda.

"A fitar da dabbar nan," in ji hedimasta.

Amma da na dubi Hadiza na ga idan aka kori akuyar da duka, ita ma ba lalle ta sake dawowa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ta. Da ita zan yi darasin."

Sufeta ya wuce ƙarshen aji ya zauna a benci.

Na rubuta kalmomin huɗu a allo: in, on, under, behind. Na ce da Hadiza da Hausa, "'Yata, ke kaɗai take ji wa magana. Kai ta ƙarƙashin tebur." Ta share ido ta ja ta. Na tambayi aji da Turanci ina akuya take, muka gina amsar tare, kalma bayan kalma. Hadiza ta kai ta bayan ƙofa, hannuwa suka tashi. Ban gama tunanin yadda za mu yi da "on" ba, akuyar ta daka tsalle ta hau benci da kanta. Har yaran da ke gyangyaɗi a baya sai da suka miƙe suna neman a kira su.

Ina gyara wa wani yaro furuci, ajin ya yi tsit. Akuyar ta zagaya bayan sufeta ta kama gefen babbar rigarsa tana tauna, shi kuwa yana ta rubutu. Sai muka ji wata siririyar murya:

"Sir, the goat is behind you."

Hadiza ce. Alhaji Garba ya waiwaya, ya zare rigarsa a hankali, ya duba inda ta jiƙe. Ya dubi yarinyar ya tambaye ta da Turanci ina hularsa take. Ta ce, "On your head, sir." Nan ya fashe da dariya har yana riƙe benci.

Daga nan ya taso gaban aji. Ya sa bironsa a aljihu, ya sa shi ƙarƙashin littafi, ya ɓoye shi a bayansa, yana nuna yara ɗaya bayan ɗaya, musamman na baya. So yake ya gane ko fahimta ce ko hadda. Biyu sun yi kuskure, 'yan'uwansu suka gyara musu.

A ofis ya buɗe tsarin darasina ya ce, "Malama, a nan na ga kyanwa, a aji na ga akuya."

"Ranka ya daɗe, akuyar ce ta cinye kyanwar."

Ya murmusa, sannan ya koma aikinsa na sufeta. Ya ce ban bar minti ko biyar na rubutu ba, kuma abin da yaro ya faɗa da baki bai rubuta ba, gobe zai zube. Gaskiya ya faɗa, ya kuma rubuta hakan a rahotonsa. Duk da haka sunana ya fito a jerin ƙarin girma na shekarar. Washegari kakar Hadiza ta zo da ƙwaryar nono tana ba da haƙuri, muka sha a ofis har da Malam Ilu.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, yaron da ya yi shiru ba lalle ne bai sani ba. Hadiza ta daɗe tana tara kalmomin nan a cikinta, abin da za ta faɗa da su ne ba ta samu ba, sai da zancen ya zo kan abin da ta fi kowa sani. Ku ci gaba da yin hotunanku, suna da amfani. Amma kafin ku shiga aji, ku tambayi kanku me yaran nan suka baro a gida, ku ba su Turancin da za su faɗe shi.