Ranar da Malam Hashimu Ya Ce In Karanta Masa

Da safen nan ina cikin ɗaga ƙofar shago aka ce min Malam Hashimu ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi har yanzu ina rubutawa ina gogewa.

A asibiti a Katsina ya cika, bayan sallar asuba. Ciwon suga ne. Ya daɗe yana fama da shi, amma ko kusa ban kawo abin ya kai nan ba.

Waɗanda ba 'yan Jibiya ba ne ba za su san shi ba. Tsohon malamin kwamfuta ne a sakandare, da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago a bayan kasuwa, jikin nawa shagon hotokwafi. A wurinsa na koyi duk abin da na sani a kan Linux. Tsohuwar laftaf ɗin da na fara koyo da ita ma shi ya ba ni, ya ce in na lalata ta in kawo mu gyara tare. Na lalata ta kuwa, ba sau ɗaya ba.

Akwai wani benci a ƙofar shagonsa, ya ce na 'yan dakon Maraɗi ne. In sun sauke kaya nan suke zama su kira gida da wayales ɗinsa, bai taɓa korar kowa ba.

Ranar sunan 'yata Hafsa shi ya fara zuwa, kafin ma a shimfiɗa tabarma.

Amma fa yana da wani hali mai ƙona rai. Malam ba ya taɓa maka kibod. Ko kuka za ka yi, sai dai ya tsaya a bayanka ya ce ka buga da kanka. In na hasala na fara zagin kwamfuta sai ya yi dariya ya ce, "Nura, ita ba ta jin zagi. Ta riga ta hwaɗa maka damuwarta, kai ne ba ka karanta ba."

Aikinmu na ƙarshe da shi nake so in ba ku labari, don na kasa riƙe shi a cikina.

Cikin daminar nan ne. Kun san yadda sabis ke ɗauke mana a nan, a yi kwanaki waya ba ta da amfani sai haska hanya. To lokacin ma haka aka yi. Abin da ya rage mana a layinmu shi ne dabarar Malam. Yana da wani amini, Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi ne mai bene can kusa da boda, inda sabis ɗin Nijar ke kamawa, rezo kamar yadda shi Alhaji yake cewa. A saman benen suka ɗaura rauta, ɗan akwatin da ke watsa intanet, da layin Nijar a ciki. Malam ya kafa eriya a kan rufin shagonsa tana kallon benen, ya jona ta da katin wayales a jikin wata tsohuwar kwamfuta. Kwamfutar ce ke janyo intanet ɗin daga nesa ta raba wa wayoyinmu. In ta tsaya, mun tsaya.

A ranar da nake ba ku labari, matata Rukayya ta kai Hafsa ganin likita a Katsina. Mun yi da ita cewa in ta yi la'asar a gidan yayarta za ta je tasha ta hau motar dawowa.

Bayan azahar ina cin abinci a kasuwa sai na ga mutane sun fara tattara kaya. Wani mai babur da ya shigo daga wajen Daddara ya ce an ga 'yan bindiga suna gangarowa ta daji, bakin titin Katsina suka nufa. Kafin in wanke hannu wani ya zo ya maimaita. Ba wanda ya yi ihu. Kowa dai ya kama rufe shago.

Na ciro waya na duba, alhali na san ba sabis.

Na ɗauki babur zan je benen Alhaji Isuhu in kira ta daga can, sojoji suka mayar da ni. Sun tare hanyar boda, ba shiga ba fita. Na yi roƙo, na ce matata ce da 'yata, wani daga cikinsu ya ce in koma kafin ransa ya ɓaci.

Da gudu na faɗa shagon Malam. Yana zaune a kujerarsa, kwamfutar na kunne a gabansa.

Ya ce, "Nura ne? Tun safe nike jiranka. Batirin sola ya mutu jiya, da kwamfutar ta tashi yau ba ta ganin katin."

Na ce, "Malam, Rukayya na Katsina da yarinya. Da la'asar za su hau mota."

Shi ma ya ji labarin hanyar. Sai ya tashi daga kujerar ya ce, "Zamna."

Nan raina ya tashi. Na ce, "Haba Malam, yau ba ranar darasi ba ce! Kai ka haɗa abin nan, ka fi ni sauri, don girman Allah ka zauna ka gyara!"

Bai ji haushi ba. Ya dafa kafaɗata, ya rage murya yadda na waje ba za su ji ba, ya ce, "Ba ni ganin rubutun. Tun kahin azumi ba ni ganin shi, haske kawai nike gani. Kai za ka karanta min."

Mutumin da kullum muke tare, ban lura ba. Ba wanda ya lura, don tun da can ma shi ba ya taɓa kibod, mu yake sa wa mu buga.

Na zauna.

Ga waɗanda ba harkarsu ba ce: a cikin Linux akwai abin da ake kira kernel, shi ke magana da kayan ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Kowane kati kuma yana da ɗan shirinsa da ake kira direba, wanda ke nuna wa kernel yadda zai sarrafa shi. In babu direban, ko katin na jone, kamar babu shi ne.

Ya ce in buga iw dev, mu ga ko tana ganin katin. Na buga. Ba ta nuna komai ba, ko layi ɗaya.

Ya ce in buga dmesg in karanta masa layukan ƙarshe-ƙarshe na rahoton da za ta fitar. Na fara karantawa da Turancina na kasuwa, ina haɗiye rabin kalmomin. Ya ce, "Sannu a hankali. In ka tsallake layi mun ɓata lokaci biyu." Na dawo baya. Kernel ya ga an jona wani abu, ya faɗi sunansa, daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Ya ce in kira direban da modprobe. Ta ce ba ta same shi ba.

Ya ce in karanta masa lambar kernel ɗin da ke aiki. Ina faɗa ya ce, "To, ga ta nan. Ta sabunta kanta tun ranar da akwai intanet, sai yau da ta sake tashi sabon ya hau. Direbanmu da tsohon munka gina shi."

Na ce mu sake gina shi mana. Muka gwada, ta ce akwai fayilolin sabon kernel da take buƙata, babu su a ciki. Sai an sauke su daga intanet. Intanet ɗin kuma shi muke nema.

A daidai nan ladanin masallacin kasuwa ya fara gwada lasifika, yana hura ta yana bubbugawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce zan bi ta gonaki da ƙafa in je benen. Malam ya riƙe min riga. Ban taɓa sanin yana da ƙarfi haka ba.

Ya ce, "In sunka harbe ka cikin gero, wa za ya kira ta? Zamna. Tsohon kernel ɗin bai tahi ko'ina ba, yana ciki. Kashe ta ka tada, kana ganin ta motsa ka danne maɓallin shift kar ka saki."

Na kashe. Hadari ya haɗo a lokacin, rana ta ɓuya, injin batirin sola ya fara ƙara yana nuna wuta ta yi ƙasa. Malam ya laluba bango ya kashe fanka, ya kashe ƙwai, ya zare cajar wayoyin mutane duka. Ya san inda kowace take.

Kwamfutar nan tsohuwa ce, tashinta kamar na mai ciwon baya. Jerin kernel ɗin da ke cikinta ya fito, na karanta masa, ya ce in zaɓi na ƙasa. Muka zauna muna jira, gumi na ɗiga min a kan kibod.

Aka kira sallar la'asar.

Ni dai a raina ina ganin Rukayya tana naɗe sallaya, tana goya yarinya.

Da ta gama tashi na sake buga iw dev, sai ga katin ya fito da sunansa. Na ce Allahu akbar da ƙarfi. Malam ya ce, "Ba mu gama ba. Sa shi ya nemo."

Ya nemo. Ya ga rautar wani mai kemis, ya ga ta wani gida. Ta Alhaji Isuhu babu.

Na ce shi ke nan, ko an kashe ta, ko iska ta juya eriya.

Malam ya yi tsaye, kansa a ƙasa, leɓensa na motsi. Can ya ce, "Tambaye shi ƙasar da yake tsammanin yana ciki. Iw reg get." Na karanta masa, sifili biyu ne. Ya ce, "Bai san inda yake ba, shi ya sa ya kulle tashoshin sama. Ta Isuhu a can sama take, ni na aje ta don kar ta yi karo da na maƙwabta. Hwaɗa mashi Najeriya yake."

Na buga iw reg set NG. Na yi kuskure, na goge, na sake. Na sa shi ya ƙara nema.

Sai ga sunan rautar Alhaji, da ɗan ƙarfinta kaɗan.

Ta haɗu. Wayoyin da ke shagon duk suka hau ƙara a tare, saƙonnin kwanaki suna shigowa. Na kira Rukayya ta intanet, bai shiga ba. Na tura saƙo, ya tafi amma bai isa wayarta ba. Datarta a kashe take.

Na kalli Malam.

Ya ce, "Wa ka sani a Katsina da ba ya rabuwa da waya?"

Ƙanena Sadiƙu, da ke karatu a can. Kullum faɗan da nake masa ke nan, yaro da waya a hannu har wurin cin abinci. Bugu ɗaya ya ɗauka. Na ce ya kira Rukayya ta layinta yanzu-yanzu, ya ce mata kar ta hau mota, in ta hau ta sauka.

Jiran da na yi kafin ya dawo min, ban taɓa yin irinsa ba. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Malam na tsaye a bayana yana salati ƙasa-ƙasa.

Sadiƙu ya kira. Ya ce ta riga ta shiga motar, Hafsa na kan cinyarta, mutum ɗaya ake jira a cika. Ta sauka. Ta gaya wa sauran, wata tsohuwa ta bi ta ta sauka, mai motar ya ce jita-jita ce, kullum haka ake faɗa.

Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Malam bai bar ni na huta ba. Ya ce, "Tashi ka leƙa waje, ka ce duk mai ɗan'uwa a Katsina ya zo ya kira kahin batir ya mutu." Mutane suka cika shagon da bencin waje, cikin ruwa, kowa da waya a kunne. Sai da wutar ta ɗauke da kanta muka je muka yi la'asar, ina riƙe da hannunsa a hanya.

A ƙofar masallaci ya ce min, "Maganar idon nan, bar ta tsakaninmu tukuna. In mutane sun ji za su daina kawo min aiki, ni kuma zaman gida kashe ni za ya yi."

Na riƙe masa har yau.

Kwana kaɗan bayan nan jikinsa ya rikice, iyalinsa suka tafi da shi Katsina da sassafe, ban ma samu na yi masa sallama ba. Na so in bi shi in duba shi, ya aiko min cewa kar in kuskura in hau hanyar nan saboda shi.

Motar da Rukayya ta sauka daga ciki an tare ta a hanya a yammacin nan. Wasu daga cikin fasinjojin har yanzu ba su dawo gida ba.

Hafsa tana nan kusa da ni yanzu, tana jan min hannun riga tana tambayata me ya sa idona ya yi ja. Ban san yadda zan yi mata bayani ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Malam Hashimu, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsaya musu.

Za a yi jana'izarsa a Katsina bayan azahar, yawancinmu na nan ba za mu samu zuwa ba. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a. Ku haɗa da bayin Allahn da suka rage a cikin motar nan, waɗanda saƙo bai isa ga nasu ba. Allah Ya dawo da su gida lafiya.