Mai Askin Farfesa

Kawu Almakashi ya gaji shagon aski daga mahaifinsa, a bakin ƙofar jami'a: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da fanka mai kuka fiye da iska. A cikin masu zuwa wurinsa babu wanda yake ji da shi kamar Farfesa, malamin fiziks, wanda ya fara yi wa aski tun yana ɗalibi. Abin da Kawu ya sani game da aikinsa shi ne yana binciken haske.

Wata rana wani ɗalibi ya manta mujalla a shagon, cike da hotunan masana fiziks da suka ci manyan lambobin yabo. Kawu bai karanta ko layi ba, kawunansu ya bi da kallo. Yawancinsu suma buzu-buzu, kamar ba su taɓa ganin mataji ba. Ya dubi almakashinsa. Ashe shi ne yake tare wa Farfesa hanya.

Daga nan, in Farfesa ya zauna ya buɗe littafi, sai Kawu ya riƙa kaɗa almakashi a iska, ya kakkaɓe masa wuya, ya ce an gama. Farfesa bai taɓa ɗaga kai ba. Matarsa ce ta gaji, ta zo har shago.

"Kawu, me maigidana ya yi maka? Hula ma ta daina zama."

"Ki yi haƙuri, 'yata, lamba nake nema masa," in ji Kawu, ya miƙa mata mujallar.

Ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta koma gida ta zaunar da mijin a tsakar gida, ta yi masa ƙwal-kwabo da hannunta.

Ba a daɗe ba Farfesa ya ci wata babbar lamba, jaridu suka buga hotonsa kai na sheƙi. Kawu ya yi kwanaki yana fushi, daga baya ya sa hoton a gilashi ya rataye saman madubi. Duk wanda ya tsokane shi, amsarsa ɗaya ce:

"Binciken ai da sumar aka yi shi. Hoton kawai aka ɗauka babu ita."

Yanzu hannunsa na rawa, surukinsa ne ke riƙe da shagon. Amma Farfesa ba ya yarda kowa ya taɓa masa kai sai Kawu, ko da askin zai fito a karkace.