Yau Baba Ya Amsa Gaisuwa Bai Tsaya Ba

Muna hanyar kasuwar Gwarzo da Babana sai wani ya kwaɗo masa gaisuwa. Na yi wuf na riƙe hannunsa.

Tun da ya faɗi bara, ko sannu aka ce masa sai ya ja ya tsaya. Shi ya sa kullum da safe muke zagaya gona, yana takawa yana faɗa mini sunayen shanunsa na da.

Yau kuwa ya amsa ina kwana, ya tambayi iyali har da damina, yana ta tafiyarsa.

Na ce, "Baba, a hankali."

Ya fizge hannunsa. "Kai dai duba gabanka."

Wallahi ni na yi tuntuɓe!

Ashe ƙafar tsoho rakiya take so. Ku wa ke raka naku?