Abin da Karima ke ba su

A unguwarsu a Gurbin Bore, idan mace ta haihu, kafin labari ya kai ga danginta ya kai ga Inna Barakatu. Ita ke dafa ruwan wankan jego, ita ke dama kunun kanwa, ita ke yanke ranar da za a fara ba yaro koko. Haihuwarta goma sha ɗaya, kuma ba ta bari kowa ya manta. Sana'arta daddawa ce, amma abin da ya riƙe ta tun rasuwar mijinta shi ne a zo a durƙusa gabanta a ce, "Inna, ƙaƙa za mu yi?"

Da wata ƙungiya ta buɗe ajin tarbiyyar yara a harabar asibitin garin, Malama Maimunatu, wadda ke zuwa daga Kaura Namoda duk Talata in hanya ta yi lafiya, ta shafe wata biyu tana yi wa bencina darasi. Sai ta sake dabara: uwa ta jawo uwa. Aka zaɓi jagorori biyu, aka ba kowace sunayen masu goyo goma, ta riƙa kawo su aji, ta kuma tara su ranar Alhamis su maimaita abin da aka koya. Ta farko Barakatu ce, wannan ba sai an faɗa ba. Ta biyu kuwa Karima, mai 'ya'ya biyu tak, wadda Barakatu da hannunta ta yanke wa cibiya.

"Wagga?" in ji Barakatu. "Wadda ko goyo ba ta iya ɗamrewa da kyau ba?"

Ta ɗauki aikin da zafinsa. Ba ta ɓata lokaci wajen lallashin yaran matan ba, kai tsaye ta bi iyayen mazajensu, su kuwa suka ba da umarni. Alhamis ta farko mata takwas suka cika mata tabarma. Ta zauna a kujerarta ta maimaita darasin Malama tiryan-tiryan: uwa ta dubi ɗanta cikin ido, ta kira sunansa, ta yi masa waƙa, da haka kansa ke buɗewa. Ba wadda ta motsa. Kowace ta sunkuyar da kai, jariri a cinya kamar ajiyar maƙwabta. Barakatu ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Mako na biyu huɗu suka zo, na uku biyu, na huɗu daga ita sai tabarma da kajinta.

Gidan Karima kuwa har masu tallan nono daga ruga suna ajiye ƙwarya su shiga. Ranar Talata ta shigo asibiti da ayarinta, suna dariya, Malama na ta sa mata albarka a gaban jama'a. Barakatu ta ji abin har cikin haƙarƙarinta. Hassada ce, kuma ta san hassada ce, ta yi istigfari ta ci gaba da abinta. Ta ce wa masu sayen daddawa sabulu Karima ke rabawa. Da aka ce babu sabulu, ta ce to lallai akwai abin da aka binne a bakin ƙofar.

Sai Malama ta ja ta gefe, cikin ladabi, ta ce in wata ya ƙare a haka za a haɗe rukunin biyu a hannun jagora ɗaya. Ba ta faɗi wace ba, kuma Barakatu ba ta tambaya ba.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne Rashida, matar autanta Zubairu, wadda sunanta ne na farko a takardar Barakatu. Duk Alhamis sai ta goya ɗanta ta ce za ta kai niƙa, ta dawo da gari da fara'ar da ba a samu a wurin injin niƙa. Rannan Barakatu ta yafa mayafi ta bi bayanta, har soron gidan Karima. Ƙyauren a saye yake. Ta tura a hankali ta leƙa.

Babu sabulu, babu komai. Mata ne zube a ƙasa, duk sa'o'in juna. Ga Rashida, wadda a gida ko kallon yaron ba ta yi in da mutane, ta ɗaga shi sama tana juyi da shi, tana sumbatar tafin ƙafarsa. "Abdulhamid! Abdulhamid nawa!" Sunan marigayi mijin Barakatu ke nan, wanda saboda shi duk gidan ke ce wa yaron Abbati. Yaron na ƙyalƙyala dariyar da kakarsa ba ta taɓa jin irinta ba.

Ta yi sallama. Rashida ta yi wuf ta tura yaron cinyar ta kusa da ita, ta ja gyale ta rufe fuska.

Karima ta taso ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Inna."

"Ke, hwaɗa min gaskiya. Mi kike ba su?"

"Wallahi ba ni ba su komi, Inna. Ƙohwa nike rufewa."

"Ƙohwa?"

"Mafi yawansu goyon hwari ne. Wa ka iya wasa da ɗan hwari gaban babba? Ba ƙin ki sukai ba, Inna. Kunyarki suka ji."

Barakatu ta nemi laifi a maganar ta rasa, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ita ta koya wa rabin matan nan cewa 'yar mutunci ba ta nuna son ɗan fari, ba ta kama sunansa. Sannan ta dasa kujera a gabansu ta ce su yi masa waƙa.

Ta juya ta fita, amma a soro ƙafarta ta tsaya. Can sai ta ji an fara tafi a hankali, sannan muryar Rashida ta sake tashi. Hassadar ba ta tafi ba, sai ma ta sake wuri, ta bar takardar sunaye ta koma kan waɗannan yaran matan da aka samu mai rufe musu ƙofa. Nata ɗan farin, Idi, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara huɗu, kuma har aka fita da shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ita ba wanda ya rufe mata ƙofa.

Ta goge ido da bakin mayafi, ta fito titi, ta jawo musu ƙyauren har sai da ya rufu.